Wa Ya Yanke Birkin Jagora?

Da hantsi aka bugo waya caji ofis cewa wata mata ta faɗi da keke a gangarar dutse. Sufeto ya ɗauka haɗari ne irin na kullum, sai da mai bugowar ya ƙara da cewa, "Ranka ya daɗe, ni ne makanikensu. Ba faɗuwa ce kawai ba, yanke mata birki aka yi."

Sufeto ya ɗauki hularsa, ya kira Saje, suka shiga mota.

A hanya Saje ya ba shi labarin mutanen. Ayarin masu yawon hutu ne a kan kekuna. Tun daga iyakar ƙasa ta arewa suka taso, niyyarsu su dangana da bakin teku a kudu. Su yi tafiyar yini, su kwana a masauki, gari ya waye su ci gaba, motar kayansu tana biye da su. Matar da ke jagorantarsu ce ta faɗi.

"Hutu?" in ji Sufeto. "Mutum ya ɗauki hutu don ya tuƙa keke daga wannan ƙarshen ƙasa zuwa wancan?"

"Wai daɗi suke ji, yallaɓai. Ni ko daga gida zuwa ofis aka ce in tuƙa, sai na nemi hutun jinya."

Hanyar ta gangaro ne daga kan tudu tana kwana-kwana, bangon dutse a hannun hagu, kwazazzabo mai zurfi a dama. A jikin dutsen suka tarar da keken, tayar gaba ta lanƙwashe. An riga an kai Jagora asibiti. Sauran matafiyan na zaune a inuwa, rana ta dafa su, amma babu wanda ya yi kama da mai shirin komawa gida.

Wata budurwa ta taso daga gefen wani dogon keke mai sirdi biyu. Ita ke tuƙi a gaba, mahaifinta a baya. Tsohon hedimasta ne, idonsa ya rufe bayan ya yi ritaya.

"Idan za a sauka gangara, Anti, jagorarmu, a baya take tsayawa don ta ga kowa," in ji ta. "Ni da Baba ne a gabanta. Sai na ji ta ce, 'Ku riƙe hannunku, kada ku waiwaya.' Muryarta ko rawa ba ta yi ba. Sai ƙara."

"Da ta miƙe hanya fa?" in ji Sufeto.

"Da mu uku muna cikin kwazazzabon nan. Da gangan ta karya kan keken ta nufi dutse."

Sufeto ya tsuguna ya jawo wayar birkin. Ta gaba da ta baya duk labari ɗaya: an datse yawancin silin ƙarfen da abu mai kaifi, bakin yana ƙyalli, an bar 'yan kaɗan waɗanda suka tsinke daga baya.

"Ba sai kun wahala ba," wata murya ta faɗa a bayansa.

Dogon mutum ne mai faɗin ƙirji, cikin rigar tsere mai sheƙi. Zakara ake ce masa, don a zamaninsa babu wanda ke shan gabansa a tseren keke, kuma har yanzu dubban mutane na bin hotunan da yake sakawa a waya.

"Wa ke taɓa kekunan nan in ba makanike ba?" in ji shi. "Ku kama shi. Tafiya kuma a dakatar da ita, ba za mu ci gaba babu jagora ba."

"Za mu duba," in ji Sufeto.

Aka mayar da kowa masaukin da suka kwana a kan tudu. A rumfar ajiye kekuna Sufeto ya zaunar da makaniken.

"Da safe ka bar rumfar nan?"

"Ko taki ɗaya, ranka ya daɗe."

"Wannan askin fa? Ga guntun gashi nan a wuyan rigarka."

Makanike ya shafa ƙeya, ya yi ƙasa da kai.

"Wadda zan aura tana garin da za mu sauka yau. Lokacin da suke karin kumallo na zaga wurin mai aski. Na bar akwatin kayan aiki a buɗe. Amma wallahi na duba keken Anti kafin in fita, lafiya lau yake. Matar da ta ɗauke ni aiki lokacin da kowa ke cewa ban iya ba, ita zan cuta?"

"Buɗe akwatin."

Komai na jere a mazauninsa, ban da filayar yanke waya, wadda aka jefa a kan sifanu. Sufeto ya ɗauke ta da hankici, ya kai hanci. Warin man zafi ne a hannunta.

"Kana shafa man zafi?"

"Ni ba na tuƙi, a mota nake. Wani lokaci ma gaba nake wucewa da babur ɗin masauki in shirya rumfa."

Saje ya matso ya yi ƙasa da murya. "Yallaɓai, duk ayarin nan warin man zafi suke. Har ni da na tsaya kusa da su na fara."

Sufeto ya nufi motar kaya. Direban dattijo ne mai furfura, yana goge gilashin da babu datti a jikinsa.

"Akwai matafiyin da ke shiga motar nan?"

"Babu. Kowa da ƙafarsa yake zuwa."

Sufeto ya buɗe ƙofar baya. An tura jakunkuna gefe guda, an bar wani lungu daidai zaman mutum, tagar wurin an toshe ta da kwali. A jikin kujera akwai shatin tayar keke, a ƙasa kuma murfin kwalbar man zafi.

"Jakunkuna ne ke shafa wannan?"

Direba ya ajiye tsumman.

"Akwai wanda nake ɗauka. Idan aka yi nisa sai ya ce zai wuce gaba, ya ɓuya a bayan wata kwana, in tsaya ya shigo da kekensa. Kusa da masauki in sauke shi, ya iso kafin kowa."

"Waye?"

"Na rantse masa, ranka ya daɗe. Ka kulle ni in ka ga dama. Anti ma ta sani, ka tambaye ta."

A asibiti suka same ta an naɗe mata kafaɗa da haƙarƙari, gefen fuskarta a kumbure. Mace ce 'yar madaidaiciya, ta doshi hamsin. Sau da yawa ta ratsa ƙasar nan a kan keke, ba ta taɓa barin kowa a hanya ba. Kafin Sufeto ya buɗe baki ta riga shi.

"Baba Hedimasta da 'yarsa?"

"Ko ƙwarzane babu."

Ta lumshe ido. "To, alhamdulillahi. An ba su abinci? Akwai mai ciwon suga a cikinsu, ba ya son a sani, amma kada a bar shi da yunwa."

"Za a kula. Wa direba ke ɗauka a ɓoye?"

"Sufeto, a tafiya irin wannan kowa na da ranar da yake karyewa. Na ga manyan mutane sun zauna a bakin titi suna kuka. Aikina in kai su teku, ba in tona musu asiri ba."

"An so a kashe ki."

"Ban gani da idona ba, ba zan ɗora wa wani ba. Amma makanikena ku sake shi, ba shi ba ne."

"Jiya kin yi magana da mai shiga motar?"



"Na ce masa daga gobe, in mun sauka gangara, hanyar duwatsu za mu bi, mota ba ta shiga, zagayawa take. Ko dai ya faɗa wa 'yan'uwansa gaskiya ya shiga mota a gaban kowa, ko ya tuƙa. Na ce masa babu abin kunya a ciki. Iyakar abin da zan faɗa ke nan."

Da suka fito Saje ya girgiza kai. "Yallaɓai, da irin wannan ce ke riƙe da ofishinmu, da tuni na rage tumbi."

Bayan la'asar suka koma masauki. Hedimasta na zaune a baranda, sandarsa a kan cinya. Sufeto ya jawo kujera.

"Baba, ina kake lokacin karin kumallo?"

"A bakin tagar ɗakin cin abinci, wadda ke kallon rumfar kekuna. Nan 'yata ke ajiye ni, wai in sha iska. Ni dai na san don kada in dame ta da surutu ne."

"Ka ji wani ya shiga rumfar?"

"Na ji. Takalmi mai ƙarfe a ƙasa, irin wanda ke maƙalewa a feda. Ƙwas, sai ja. Ƙwas, sai ja."

"Mutum nawa ke da irin takalmin?"

"Ɗaya. Sauranmu da takalmin motsa jiki muke fama."

"Amma na ga mai takalmin yana tafiya garau."

Tsohon ya yi murmushin da babu daɗi a cikinsa.

"A gabanku. A gaban makaho ba ya wahalar da kansa da ɓoye ɗingishi. Tun makon farko na san gwiwarsa ta hagu ta tafi. Na yi shiru, don ban ga abin faɗa ba. Da safe ma na ɗauka kekensa ya je dubawa."

Sufeto ya sa aka tara kowa a tsakar masauki, aka jera kekuna. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana shafa tayoyin da yatsa. Duk sun suɗe, titi ya cinye su. Da ya zo kan na Zakara sai ya tsaya.

"Tare kuka sa sababbin tayoyi ranar tashi?"

"Tare," in ji makanike.

"To kai Zakara, naka me ya sa har yanzu haƙoransa ke nan?"

"Iya tuƙi ne," in ji Zakara. "Gwani ba ya cin taya."

"Madalla. Ga tudu can bayan ƙofa. Hau ka nuna mana, ka je ka dawo."

"Ni ba yaronka ba ne."

"To naɗe ƙafar wandonka ta hagu."

Zakara ya dubi direba. Direba ya kau da kai. Zakara ya dubi matafiyan, duk idanunsu na kansa. Sannu a hankali ya zauna a kan dakali ya ja wandon. Gwiwar ta kumbura ta yi suntum, an ɗaure ta da bandeji, warin man zafi ya cika wurin.

"Da safe ba ka zauna cin abinci ba," in ji Sufeto. "An ji takunka a rumfa. Filayar da aka yanke wayar tana hannuna, za a ɗauki shatin yatsu a kanta. Ka faɗa da bakinka ko mu jira?"



"Na gaya wa duniya zan ratsa ƙasar nan," in ji Zakara, muryarsa ta dushe. "'Ya'yana za su tarye ni a bakin teku da tsofaffin kofunana. Ga makaho yana hawa tudu, ga mata suna hawa, ni Zakara a ce ina cikin mota tare da jakunkuna?"

"Sai ka yanke mata birki."

"Na ɗauka a kwanar farko zai tsinke, kafin gudu ya yi yawa. Ta ɗan gurje, a ce an dakatar da tafiya, in koma gida ba ni na gaza ba. Ban san zai riƙe har tsakiyar gangara ba."

"Kuma ka ce a kama makanike."



Hedimasta ya miƙe, 'yarsa ta riƙe masa hannu, ya juyo daidai inda muryar Zakara ta fito.

"Ɗan'uwa, da ka ce mana ƙafa ta gaza, da mun yi ta karɓa-karɓa muna tura ka har teku. Ni da kake gani, yarinyar nan ce ke ja na tun daga iyaka, ban ji na ragu da komai ba."

Zakara ya rufe fuska da hannu biyu.

Wayar makanike ta yi ƙara. Ya saurara, ya share ido da bayan hannu, ya juyo wurin jama'a.

"Anti ce. Ta ce gobe da sassafe a tashi, in shiga gaba in nuna hanya, kowa ya kula da na bayansa. Ta ce likita ya yarda a kai ta teku a mota, kada wanda ya sa ta jira."

Babu wanda ya yi tafi. Wata mata dai ta tashi ta ɗauko famfo ta fara ba tayarta iska, wani ya bi bayanta.

Saje ya sa wa Zakara ankwa. Zakara ya roƙa a bar shi ya cire takalmin, aka bar shi. Ya miƙe da safa kawai, yana jan ƙafar hagu a gaban kowa.

Sun kusa mota sai 'yar Hedimasta ta biyo su da gorar ruwansa, ta cika ta har baki.

"Dokar Anti ce," ta ce, ba tare da ta dube shi ba. "Ba mai barin masauki da gora babu ruwa."

Ya karɓa da hannuwansa biyu da ke ɗaure. Saje ya dafa kansa ya shigar da shi baya, Sufeto ya rufe ƙofa, motar ta gangara da shi zuwa caji ofis.