Mai Riga Daban

"Malam, ka sauko tun ba ka karye muna cikin gida ba," in ji Bara'atu.

Namadi mai haɗa dish bai sauko ba. Yana tsaye bisa turmin da aka kife masa, ya yi ɗage, hannunsa na lalube a iska, amma wayar dish ɗin da ta maƙale a bakin kwano ta ƙi kamuwa. Tsaninsa ya manto a Zurmi. Bara'atu ta gaji da kallon wahala, ta yar da tsintsiya, ta matso, ta miƙa hannu ko ɗage ba ta yi ba ta zaro wayar ta ba shi.

Sai ga su ido cikin ido. Shi a kan turmi, ita a ƙasa.

Ta tsaya jiran dariya, don ta saba. Tun tana firamare duk unguwarsu a Ƙaura, Falwaya ake ce mata saboda tsawonta. Ita ce mai sauko da tulun da aka ɗora sama, ita ce mai zama ƙasa in za a ɗauki hoton biki. Samari kan zo zance, da ta miƙe tsaye sai hira ta mutu. Har ta koyi tafiya a ranƙwafe, kafaɗu a lanƙwashe kamar mai neman allura.

Namadi bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce a hankali, "Ashe turmi na da rana..."

Ta juya da sauri ta shige falo, ita kanta ta rasa dalili.

Babanta, Alhaji Maigari mai fataucin dawa, don karatun Makka ya sayi dish ɗin. Amma da Namadi ya gama juye-juyensa, tashar da ta fara kamawa wata ce daban. Mata ne a fili mai sheƙi, raga a tsakaninsu, dogaye zanƙal-zanƙal, wasu ma sun fi Bara'atu. Ɗaya ta tashi sama ta kafta wa ƙwallo mari, jama'a suka kaure da ihu.

Bara'atu ta zauna daɓas a tabarma, baki sake. Ita dai tunda take ba ta taɓa ganin an tafa wa mace don tsawonta ba.

Namadi ya ce ƙwallon raga ke nan, gasar mata ce ta ƙasashen Afirka aka fara. Gwaggo Rekiya, ƙanwar Alhaji wadda ta riƙe Bara'atu tun rasuwar mahaifiyarta, ta yi salati ta tambayi ina zannuwansu. Ta ce a sauya tasha maza. Ana cikin haka aka nuno 'yan Masar, wasu da kawunansu a rufe, sai Gwaggo ta jawo filo ta gyara zama.

Abu ɗaya ya tsaya wa Bara'atu a rai. A kowane ɓangare akwai wata 'yar gajeruwa a baya, kuma rigarta ba irin ta sauran ba ce.

"Waccan mi ya sa rigarta ta fita daban?"

Gwaggo ta ce ai a fili yake, yadin anko ne ya ƙare bai kai kanta ba. Salima, ɗiyar maƙwabta da ta shigo kallo, ta ce horo aka yi mata. Namadi ya sosa ƙeya ya ce gaskiya bai sani ba, amma zai bincika.

Daga ranar dish ɗin gidan Alhaji Maigari ya kamu da wata cuta mai ban mamaki. Ba ya tashi ciwo sai ranar wasa. Namadi zai baro shagonsa a Zurmi ya zo dubawa, ya taɓa nan ya taɓa can, ya tsaya daga bakin ƙofar falo, kullum da guntun amsarsa. Yau ya ce sunan mai rigar libaro. Wani zuwan ya ce ba a yarda ta tashi sama ta maka ƙwallo ba, ba a yarda ta tare a bakin raga ba. Wani zuwan kuma ya ce aikinta ƙasa ne, duk ƙwallon da ta wuce dogayen ita ke zubewa ta tare ta kafin ta taɓa daɓe.

"To rigar hwa?"

"Wannan saura, ranki shi daɗe."

Bara'atu ba yarinya ba ce, ta gane tsakura mata amsar yake yi kamar mai rowar ƙuli-ƙuli. Abin haushi, daɗi take ji. Ranar da ya yi jinkirin zuwa ma da kanta ta miƙa dogon hannun nan ta ɗan karkata dish ɗin, sannan ta je ta gaya wa Gwaggo hoto ya ɗauke. Kuma ba ta lura ba sai da Gwaggo ta faɗa: kwanan nan ta daina ranƙwafawa.

Da ya furta mata a zaure, bai yi kwana-kwana ba. Ya ɗaga kai ya dube ta ya ce tun ranar turmi bai ƙara barcin kirki ba. Ta rufe fuska da mayafi tana dariya, hawaye na zuba.

Gwaggo Rekiya kuwa ta ce sam. Ba ta da abin faɗi a kan halinsa, yaro ne mai ladabi da sana'a. Amma mutumin da iyakarsa kafaɗar ɗiyarta? Ta ce ta sha jin ana yi wa yarinyar nan dariya ita kaɗai, ba za ta zauna ta ji ana yi wa su biyu ba.

Salima ce ta ƙarasa aikin. Ita ma gajera ce, kuma ta daɗe tana faɗi a gaban mutane cewa ita da Namadi kamar an auna. Ta laɓe ta ɗauki hotonsu suna tsaye a ƙofar gida, ta saka a waya, ta rubuta a ƙasa: Falwaya da turminta. Kafin kasuwar Shinkafi ta ci hoton ya riga 'yan kasuwa isa. A Zurmi har shago ake biyo Namadi ana tambayarsa ko da tsani zai je ɗaurin aure.

Da ya dawo zance, Bara'atu ta fito da murnarta, sai ta ja ta tsaya. Takalmi ne a ƙafarsa mai tudu kamar bulo, hula doguwa ta tashi sama, kuma ya haye dakali ya tsaya. Ya nuna mata kujera.

"Ki zauna mana, Bara'atu. Mutane na wucewa."

Ta dubi kujerar, ta dube shi.

"Kai ma, Namadi?"

"Ba haka ba ne, zuciyata..."

"Haka ne. Duk rayuwata duƙawa nike yi don kada in tsone wa mutane ido. Kai ɗai ne na miƙe a gabanka ban ji kunya ba. Yanzu kai ma ka ce in zauna." Ta share ido da bakin mayafi. "Ka tai wurin Salima, ita ba sai ka hau dakali ba."

Ta shige gida. Ya kira sunanta, ba ta waiwayo ba.

Dish ɗin ya warke sarai daga ranar, ko gezau bai ƙara yi ba. Bara'atu ta tsani lafiyarsa. Ta koma ranƙwafawarta, ta daina cin abincin kirki. Gwaggo na gani, sai ta rage faɗa.

Ranar wasan ƙarshe da la'asar ita da Gwaggo suka zauna kallo. Gwaggo ta riga ta zaɓi tata tuntuni, 'yar gajerar masu jajayen kaya, wadda take kira Mai Riga Daban. Yarinyar ta sha ƙasa ranar. Ta zube ta dama, ta mirgina ta hagu, gwiwa duk ta kwailaye, ƙwallo dai ba ta taɓa ƙasa. Da aka tashi, dogayen nan suka rugo suka ɗaga ta sama suna kuka. Gwaggo ta fyace hanci ta ce ita dai wannan ɗiya ta biya ta.

Sai aka yi sallama a tsakar gida.

Namadi ne, da silifas shafal a ƙafarsa, da 'yar hula, da wata riga ruwan ɗorawa mai ɗaukar ido tun daga nesa. Ya durƙusa ya gaida Gwaggo, sannan ya miƙe ya zo gaban Bara'atu ya tsaya a ƙasa, ya ɗaga kai.

"Na kawo miki sauran amsarki. Na daɗe da saninta, rowa ce nika yi don in samu dalilin zuwa."

Ta so ta share shi, amma son jin amsar ya fi ƙarfinta.

"Ina ji."

"Don alƙali da kowa su gane ta ne. Kada ta ɓace cikin dogaye, kada kuma ta yi kamar ita doguwa ce. Ba ɓoye ta aka yi ba, Bara'atu, nuna ta aka yi." Ya dubi silifas ɗinsa. "Ni na san haka, na je na sayo takalmi. Ki yafe mini."

Gwaggo ta ce masa garin nan fa dariya za su yi. Ya ce ai sun riga sun yi, daga Ƙaura har Shinkafi, kuma ga shi bai mutu ba. Ta dube shi sama da ƙasa, abin da bai ɗauke ta lokaci ba.

"Kana iya zubewa ƙasa saboda ɗiyata kamar waccan?"

"Awo, Gwaggo. Aikina ke nan."

Ta ce to ya turo manyansa wurin Alhaji, kuma wannan karon su zo da tsaninsu.

Ranar biki abokan ango duk farar shadda suka yi anko, ango kaɗai ya fito cikin ruwan ɗorawa. Da aka zo hoto, sai ga Salima ta gangaro da turmi har gaban ango, mata suka fashe da dariya. Namadi ya yi mata godiya sosai. Ya ce a saka shi cikin kayan amarya, don a kansa ya fara ganin idanunta. Dariyar ta juya, Salima ta sulale.

Mai hoto ya ce amarya ta ɗan rage tsawo. Jikin Bara'atu ya riga ya saba, kafaɗunta suka fara lanƙwashewa da kansu.

Namadi ya ɗaga kai ya ce, yadda kowa zai ji, "Miƙe, Bara'atu. Miƙe duka."

Ta miƙe.

Sai da mai hoto ya yi ta ja da baya har bakin zaure kafin ɗaurin ɗankwalinta ya shiga.