Hoton Kasuwar da Ta Ƙone

A wani gari an yi wata yarinya da ta shiga sahun masu rubuta kundin ilimi na intanet, wanda kowa ke iya sa hannu a ciki. Rubutunta na farko a kan tsohuwar kasuwar garinsu ne, wadda gobara ta cinye tun ba a haife ta ba. Ta nemi hoton kasuwar, ta nema, ba ta samu ba.

Ran nan ta gan shi rataye a shagon wani tsoho mai ɗaukar hoto. Ta ɗauke shi da wayarta, ta koma gida da murna. Da ta zo ɗorawa, sai shafin ya tambaya, "Wane ne mai hoton nan?" Ta rubuta sunanta, ta goge. Ta sake rubutawa, ta sake gogewa.

Washegari ta koma wurin tsohon, ta gaishe shi, ta ce, "Baba, izini na zo nema. In ka yarda, kowa zai iya amfani da hoton nan, muddin ya ambaci sunanka. Kuma in ka bayar, ba a janyewa."

Tsoho ya nuna wata mata a cikin hoton. Ya ce, "'Yata, mai sayar da daddawar nan matata ce, ta rasu. Wannan kam ba zan bayar ba."

Yarinya ta goge hoton daga wayarta a gabansa, ta yi godiya. Har ta kai ƙofa sai ya ce, "Dawo. Akwai wanda na ɗauka daga kan soro, ba a ganin fuskar kowa. Sunana Tanimu, ki rubuta shi daidai."