Ranar da Barau Ya Karɓi Shugabancin Masu Man Kaɗanya

Can da, a wani ƙauye, an yi wata mata, Inna Lanti, wadda ke shugabantar masu yin man kaɗanya. Fatake daga nesa suke zuwa saye, da shi kuma garin yake ci.

Sai Barau, ƙanin maigari, wanda bai taɓa tsinana wa kowa komai ba, ya ce, "Gari cike da maza, a ce mace ke gaba? Abin kunya." Dattawa suka gyaɗa kai, suka ba shi shugabanci.

Mata suka ce, "Inna, kin yi shiru?"

Ta ce, "Ku bar shi ya nuna."

Barau ya zuba babbar riga ya shiga daji. Ya tarar mata suna tsintar 'ya'yan kaɗanyar da suka nuna suka faɗo kaɗai. Ya ce, "Lalacin mata ke nan. Ga su a sama, kuna jira?" Ya sa aka kakkaɓe itatuwan da sanduna, duk ɗanyu.

Mata suka ce, "Inna, yana ɓarna."

Ta ce, "Ku bar shi ya nuna."

Aka daka, aka dafa, mai ya ƙi fitowa. Fatake suka leƙa tukwane suka juya, ko kaya ba su sauke ba. Yunwa ta shigo gari.

Dattawan nan masu gyaɗa kai suka je suka durƙusa wa Inna Lanti, Barau yana raɓe a bayansu.

Ta dube shi ta ce, "Af, har ya faɗo? Mata, ku tsince shi. Dama muna neman mai ɗebo mana itace."