Ido a Aljihun Tela

Dutsen farko ya faɗo ne gab da magariba, lokacin da maiɗakin Tela take kwashe shanya daga igiya. Ya daki kwanon rufi, ya gangaro, ya tsaya daidai ƙafarta. Ta leƙa waje don ta yi wa yaran unguwa faɗa, ba ta ga kowa ba. Da ta sunkuya ta ɗauka sai ta yar da sauri, don zafi gare shi kamar an zaro shi daga murhu.

Washegari uku suka faɗo, jibi bakwai, kullum a daidai lokacin da rana ta faɗi amma haske bai gama janyewa ba. In duwatsun suka lafa sai gidan ya yi tsit. A cikin shirun nan sai a ji ƙarar cokali a kofi, ana motsa shayi a hankali, a ƙofar ɗakin Inna, mahaifiyar Tela. Kuma babu kowa a wurin sai kujeru biyu.

Tela ya san abin da ya riga duwatsun zuwa, amma ya yi gum da bakinsa.

Wata uku da suka wuce ya sayi wata 'yar kyamara wadda ba ta fi kwalin ashana ba. A aljihun gaban riga yake saka ta, idonta kaɗai ke leƙowa. Wai don ya riƙa ɗaukar ɗinkinsa yana tallatawa ne. Amma kafin mako biyu ya ɗauki kyanwa tana hamma, ya ɗauki maƙwabci yana rigima da babur, har matarsa tana atishawa bai bari ba. Ta sha ce masa, "Wata rana abin nan zai ɗauko maka abin da ya fi ƙarfinka." Sai ya yi dariya.

Ita kuwa Inna, shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mijinta, kuma kullum da yamma takan zuba shayi kofi biyu, ta ajiye ɗaya gaban kujerar da babu kowa. Sai ta yi ta hira da shi ƙasa-ƙasa. Ta ba shi labarin ciwon gwiwarta, ta tsokane shi kan son sukari, ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya kamar yarinya. Kowa a gidan ya sani, kowa yana kawar da kai. To amma an ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Ran nan Tela ya tsaya kusa da ita kamar mai gyara ƙwan fitila, aljihunsa na kallonta. Auta, 'yarsa mai shekara goma sha huɗu, ta yanke bidiyon ta sa masa kiɗa, ya tura wa dangi ta waya don a yi nishaɗi. Daga dangi ya fita gari.

Wata maƙwabciya ce ta kawo wa Inna, tana ta washe baki. Inna ta kalla har ƙarshe. Ta miƙa wayar da hannu biyu, ta kwashe kofunanta, ta shiga ɗaki ta rufo ƙofa. Tun daga ranar ba ta sake zama a waje ba, abinci ma sai dai a kwaso shi yadda aka kai.

A yammaci na bakwai duwatsu ba su faɗo ba. Auta ce ta fito daga ɗaki tana jan ƙafa kamar tsoho, ta zauna a kujerar marigayi, ta dafa gwiwoyinta. Uwarta ta kira ta sau uku. Yarinyar ta juyo da idanu a kafe, ta yi magana da wata murya mai kauri wadda ba tata ba.

"Ina shayin?"

Tela da kansa ya ruga ya ɗauko Malam, wani dattijo mai karantarwa a bayan layinsu. Malam ya zauna a ƙasa gaban yarinyar, ya fara karatu ba gaggawa. Ta yi ta karkarwa, gumi na zuba, har ta fasa ihu.

"Ya isa! Ba da kai nake ba."

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Na riga tubalin gidan nan zama a nan. Da mai kujerar ya mutu, ni na riƙa zama a kanta ina sauraro. Ba ta san da ni ba. Shekara goma sha ɗaya ba ni da wata hira sai tata."

"Me yarinya ta yi maka?"

"Ita ta sa kiɗa. Shi kuma wancan..." Hannun Auta ya ɗago ya nuna Tela. "Mu muna ganinku, ku ba kwa ganinmu. Na ga tsohuwar nan tana kuka, na gan ta cikin ciwo, na ga daren da ta haife shi. Wa na taɓa gaya wa? Shi wata uku kacal ya yi da idon da ba a gani, ya tallata uwarsa a duniya."

Tela ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Maƙwabta sun cika ƙofar gida, kuma babu wanda bai kalli bidiyon nan ba.

"Shi ma na san nasa," in ji muryar. "In fara?"

"Ba za ka fara ba," in ji Malam. "In ka tona shi, ka zama shi. Kuma jikin yarinya ba gidanka ba ne, zalunci ne. Faɗi abin da zai fitar da kai."

"A dawo da abin da aka watsa."

"Wannan zarar bunu ne, ba ya komawa. Faɗi wani."

Yarinyar ta juya kai wajen ƙofar Inna.

"To ta dawo kujerarta. In ta zuba shayi, na bar gidan har abada, ko hirar ba zan ƙara ji ba. In ba ta zuba ba, ina nan."

Malam ya dubi Tela. Tela ya ja jiki zuwa ƙofar uwarsa, ya durƙusa.

"Inna, ni ne. Na yi abin kunya. Ki yafe mini, ko don jikarki."

An daɗe kafin ƙofar ta buɗe kaɗan. Inna ta rame, ta ja mayafi har hanci. Ba ta dubi fuskarsa ba, aljihun rigarsa ta duba.

"Yana kallona?" ta tambaya a hankali.

Tela ya fashe da kuka. Ya zaro kyamarar ya miƙa wa Malam, ya kama aljihun ya fizge shi har zaren ya yi ƙara.

Inna ta fito tana dafa bango. Ba don shi ta fito ba, wajen Auta ta nufa. Ta sa aka dafa ruwa, ta zuba kofi biyu, ta ajiye ɗaya gaban yarinyar. Auta ta yi atishawa sau uku, ta sulale jikin uwarta, ta buɗe ido tana tambayar me ya tara mutane.

Duwatsu ba su sake faɗowa ba. Washegari Tela ya zauna a shago da reza, ya farke aljihun gaba na duk rigunansa, ko da yake sawun ɗinkin bai ɓace ba. Inna kuma ta ci gaba da zuba kofi biyu kullum da yamma. Yakan tsaya daga nesa ya kasa kunne, ko zai ji ta tsokani mahaifinsa kan sukari. Takan sha nata, ta jira ɗayan ya huce, ta kwashe. Ba ta ƙara ce wa kujerar nan uffan ba.