Wayar Da Baba Ya Zura A Rijiya

Da la'asar sakaliya hadari ya haɗo. Yaya tana kwashe shanya sai dutse ya faɗo a kan rufin kwano. Na biyu ya sauka daf da ƙafarta, busasshe, da ɗumi kamar daga murhu aka ciro shi. Ta saki kayan, ta ruga neman Auta.

Mahaifinsu mai gyaran wutar lantarki ne. A farkon damina ya kafa dogon ƙarfe a kan rufi, ya ja masa wayar tagulla har cikin tsohuwar rijiyar bayan ɗaki, wadda aka daɗe da rufewa. Ya yi musu bayani yana shafa gemu: iska mai zafi ce ke hawa sama, ƙanƙara ta yi ta gogar ƙanƙara cikin gajimare har wuta ta taru, ta nemi hanya mafi kusa zuwa ƙasa. "Ni kuwa na yi mata hanya," in ji shi.

Inna ta ce, "To, sarkin wuta, Allah ya sa ta san ka."

Tun ranar da aradu ta fara bin wayar, gidan ya zama kurkuku. Da gari ya rufe sai ƙofar gida ta ƙi buɗuwa, su yi ta ihu maƙwabta ba sa ji. Auta kuwa idanunta su ƙafe, ta nufi rijiyar tana miƙa hannu za ta kama wayar. Yaya ta koma ɗaure bakin zanenta da na ƙanwar, duk da haka janta take yi kamar saniya.

A ranar da duwatsun suka faɗo, Baba ya riga hadarin rufe gari, ya shigo da wani malami mai ruƙiyya. Suna shigowa ƙofar ta bugu da kanta. Malam ya zauna, ya fara karatu a hankali. Ɗakin ya yi duhu, iska ta tsaya cak.

Auta ta buɗe baki, amma muryar wata mace ce babba, a dishe.

"Ya isa, Malam. Ni aka cuta."

"Wace ce ke, baiwar Allah?"

"Mai rijiyar. Mun zauna ni da mijina ba mu taɓa zubar musu da ko kofi ba. Sai wannan ya zuro mana wutar sama har cikin ɗaki. Haske ya cika rijiyar, na ga mijina ya buɗe baki zai kira ni, sai na neme shi na rasa."

Yaya ta ji zanen ya yi tauri a ƙugunta.

"Yarinyar fa, me ta yi miki?"

"Na ji ubanta yana cewa haske ke riga ƙara isowa. To, na ga hasken. Muryar nake jira. In yarinyar ta kama wayar, wutar za ta kai ni inda ta kai shi."

"Ta kai ki, ita kuma ta mutu," in ji Malam. "Ki ji tsoron Allah. Za a cire wayar, a kai ta can ƙarshen fili. Ke kuma ki sake ta."

Baba ya ce, "Wallahi ruwa na ɗaukewa zan cire."

Muryar ta sake fitowa daga bakin Auta.

"A buɗe mini taga. In saurara sau ɗaya da kunnen mutum."

Yaya ce ta buɗe. Walƙiya ta haska bango, ta ɗauke. Auta ta kasa kunne. Can sai tsawar ta iso daga nesa, a ƙasa-ƙasa, a hankali, kamar namiji yana kiran suna daga bayan gida.

Auta ta yi murmushin da ba nata ba. "Na'am," ta ce.

Zanen ya saki. Ƙofar gida ta buɗe, ruwa ya kece. Auta ta ɗago tana murza ido.

"Yaya, kin kwashe shanyar kuwa?"