Kananzir a Kwalbar Lemo

A unguwar Rikkos da ke Jos, akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Tana da ƙane ɗan shekara biyu, sunansa Mahdi. Duk inda ta sa ƙafa, nan yake sa tasa. Bakinsa bai gama buɗewa ba, amma ya iya cewa "Yaya".

Wata Asabar da hantsi, Umma ta aike ta sayen kananzir, ita kuma ta shiga maƙwabta barka. Yarinyar ta duba galan ba ta gani ba. To, mutuniyar taku ba ta son dogon nema. Ta sayo a kwalbar lemo, ta dire a bakin kicin, ta fice wasa.

Da ta dawo, sai ta tarar da Mahdi da kwalbar a hannu, yana tari. Ya ɗauka lemo ne.

Ta fizge kwalbar daga hannunsa. Ta tuna ta sha jin matan unguwa na cewa in yaro ya sha guba, a ba shi manja. Ta ɗura masa cokali biyu. Ya yi amai, ya ƙware. Ta wanke masa baki da sabulu, ta sake masa riga, ta ɓoye kwalbar a bayan turmi.

"Me ya sami yaron nan?" in ji Umma da ta shigo.

"Ni ma ban sani ba, Umma."

"Sanyin garin nan ne," in ji Umma. Ta shafa masa man zafi, ta lulluɓe shi.

Kafin azahar, numfashinsa ya koma sama-sama. Leɓɓansa suka yi duhu. Umma ta suri ɗanta ko takalmi babu. Ita da yarinyar suka tari tasi, sai asibiti.

Sashen gaggawa cike yake da mutane. Wani na nishi, wata na kuka. Wata nas mai suna Sista Ana ta hango su, ta taho da sauri.

"Mama, kawo shi nan."

Ta kwantar da shi, ta sa masa abin shaƙar iska, ta aika a kira likita. Ta jawo wa Umma kujera. Da ta sunkuya kan Mahdi, sai ta ji ɗan warin kananzir a ƙarƙashin ƙamshin sabulu. Ta waiwaya. Ga yarinya a lungu, da jan tabon manja a hijabinta.

Sista Ana ba ta yi tsawa ba. Ta zo ta tsuguna a gabanta, ta kama hannuwanta. Sun yi sanyi ƙalau.

"'Yata, kina son ƙaninki?"

Yarinyar ta gyaɗa kai.

"Ni ma ina so ya rayu. Amma likita ba zai san abin yi ba, sai ya san abin da ya faru. Ba wanda zai taɓa ki. Ina nan."

Sai kuka ya ƙwace mata. Ta faɗi komai, daga kwalba har manja.

Umma ta miƙe a fusace. "Ke! Tun safe kin sani kika yi shiru?"

"Mama, ba yanzu ba," in ji Sista Ana a hankali. "Tsoro ne ya rufe mata baki. Yanzu kuma ta taimake mu."

Likita ya saurara, ya girgiza kai. Ya ce aman nan ne ya tura kananzir cikin huhu. Ya ce za su yi iya ƙoƙarinsu.

Yarinyar ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta koma bakin ƙofa. Kunyar kallon gadon take ji.

"Wa ya ce kin daina zama yayarsa?" in ji Sista Ana. "Zo ki riƙe masa ƙafa. Ya san hannunki."

Aka mayar da Mahdi ɗakin yara. Kwana uku bai ce uffan ba. Umma ba ta iya cin abinci, yarinyar ma haka. Babu abin da ya fi ba yarinyar baƙin ciki irin ganin takalminsa da ke ƙofar ɗaki a gida. Kullum in Sista Ana ta tashi aiki, sai ta biyo. Ta duba Mahdi, ta dafa kafaɗar Umma, ta tilasta wa yarinyar shan shayi.

A rana ta huɗu da safe, Mahdi ya buɗe ido. Ya duba nan, ya duba can.

"Yaya," ya ce. "Ruwa."

Yarinyar ta ba shi a kofi. Umma ta rungume su duka biyu, tana hamdala tana hawaye.

Ranar sallama, yarinyar ta nemo Sista Ana.

"Sista, da kin yi mini tsawa, da ban iya faɗa ba."

"Na sani, 'yata. Shi ya sa ban yi ba."

Tun daga ranar, ba a ƙara zuba kananzir a kwalbar lemo a gidansu ba. Yarinyar ta gane cewa in yaro ya sha guba, asibiti ake kai shi, ba manja ake ba shi ba. Ta gane cewa ɓoye kuskure yana iya cin rai. Ta kuma gane cewa tausayin Sista Ana ne ya buɗe mata baki, har ƙaninta ya sake kiran ta Yaya.