Ranar da Ɗakin Aslak Ya Yi Tafiya

"To ka je ka auri filin naka!" Abin da kakata Gunvor ta faɗa wa saurayinta Aslak ke nan a bakin rijiya, guga a hannunta, idonta ya kaɗa ya yi ja.

"Haba Gunvor... ni na yi dokar?"

"Ba kai ka yi ba. Amma kai ka ce in kwashe kaya in koma wurinka."

"To ina ake kai amarya in ba ɗakin miji ba?"

"Babana fa? Shi ma in tono shi in kai shi ɗakin mijin?"

Aslak ya shiga juya hularsa a hannu.

A Dakota ta ƙasar Amurka aka yi wannan, shekara biyu da zuwansu daga Norway. Lokacin ana ba mutum fili kyauta, amma sai ya zauna a kai, ya kwana a kai shekara biyar, in ya tashi a ba wani. Mahaifinta da ciwo ya iso, shi ya sa aka rubuta filin da sunanta, kuma bai ga girbin farko ba. A bayan ɗakinsu na ginin ƙasa aka binne shi, dab da turken iyaka. Mahaifiyarta Ingeborg, wadda idonta ya fara rauni, kullum sai ta lallaɓa ta je ta ba kabarin labarin alkama.

Filin Aslak ne a gabas da nasu. Idan ita ta koma wurinsa, kabarin ya zama na baƙo. Idan shi ya dawo wurinta, guminsa na shekara biyu ya tafi a banza.

"Ka jira shekara uku," ta ce.

"Hunturu uku ina cin ƙonannen wake ni kaɗai? Masoyiya, gawata za ki aura."

Ya kifa hularsa ya tafi, bai ko waiwayo ba.

Kwana tara bai leƙo ba. Kakata mace ce mai taurin kai, mu jikokinta duk mun gada, don haka ba ta aika ba. Amma kowace safiya sai ta fito da sunan ba kaji hatsi, ta saci kallon tudun da ɗan ɗakinsa na katako yake. In ta ga hayaƙi sai hankalinta ya kwanta.

"Kajin nan za su fashe da ƙiba," in ji Ingeborg.

"Inna, ki bar ni."

A rana ta goma ta ɗaga ido, babu hayaƙi, babu ɗaki. Tudu ne kawai da ciyawa.

Kwanon ya suɓuce mata. A ranta ta ce ya kwance katakonsa ke nan ya yi yamma neman arziki kamar sauran samari. Ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da zanen aikinta, ta yi kukan da ba ta yi irinsa ba tun rasuwar mahaifinta. Tana son shi, ga shi da bakinta ta kore shi.

"Gunvor..." Ingeborg ta dafa ƙofa tana ƙanƙance ido. "Na san idona ya mutu, amma wancan ba ɗaki ba ne yake tafiya?"

Ɗaki ne kuwa. Yana fitowa daga kwari a kan gungumen itace biyu, bijimai huɗu na aro suna jan sa, bututun hayaƙi na rangaji, wandon Aslak na shanye a taga. Shi kuma yana gaba, ya jiƙe sharkaf da gumi.

Bai tsaya ba sai da bangonsa ya taɓa bangonsu, daidai kan turken.

"Me ke nan?" ta ce, hawaye da dariya sun haɗe mata.

"Kin ce ba za ki je ɗakin miji ba. To ga ɗakin miji ya zo."

"Ka haukace, Aslak."

"Tun ranar da na gan ki. Za mu fasa bangon nan, mu kafa gado a tsakiya. Ki kwana a filinki, in kwana a nawa."

"In ka mirgino fa?"

"Sai ki kai ƙarata."

Ingeborg ba ta tsaya jin sauran ba, ta juya ta nufi bayan ɗaki. "Bari in je in gaya wa babanki ya yi suruki, ga shi har da gidansa."

Da fasto ya biyo ta yankin aka ɗaura aure. Mutumin ofishin filaye ya zo daga baya duba ko kowa na kwana a filinsa, ya auna, ya leƙa ƙarƙashin gado ya ga turke, ya sosa ƙeya, ya sha kofi ya hau dokinsa.

'Ya'ya bakwai aka haifa a gadon nan, har yau muna gardamar a filin wa aka haifi babana. An gina babban gida, amma gadon bai gusa ba. Shekara arba'in da shida tana kwana yamma, yana kwana gabas.

Bayan an binne kakana na shiga gyara mata shimfiɗa, sai na tarar ta mayar da matashinta gefensa.

"Kaka, kin bar filinki?"

Ta yi murmushi, ta lallaɓa matashin.

"Nawa ya zaunu, 'yar nan. Nasa nake riƙe masa, kada a ce ya tashi."